Wayar Uwar Zomaye

Mai Agogo yana cikin tsane ruwa daga jikin ɓeran masar ɗin da tsohon tawul sai ya ji shi ya sanƙare a hannunsa. Ƙafafun suka miƙe, bayan ya lanƙwashe, ya saki wata siririyar ƙara, sannan jikin gaba ɗaya ya hau karkarwa.

"Kai, kai, kai! Magulmaci! Me na yi maka?"

Ya durƙusa a bakin famfo da shi a ƙirjinsa, bai san abin da zai yi ba in ban da kallon agogon hannunsa. Daƙiƙa arba'in aka yi kafin jikin ya saki. Magulmaci ya buɗe ido, bai ko huta ba ya kai ƙafa ya ci gaba da sosa kafaɗarsa, inda gashi ya riga ya zube, fata ta yi ɓawo tana tsattsafo da jini.

Wanka na uku ke nan a mako guda. Shekara arba'in da ɗaya Mai Agogo ya yi yana gyaran agogo, kuma duk iliminsa na duniya bai wuce abu biyu ba: in abu ya ƙi tafiya daidai a wanke shi, a sa masa mai. Da susar ta fara, ya ɗauko gilashin nan na ido ɗaya da yake leƙa cikin agogo da shi, ya bi gashin dabbar sili-sili, bai ga ƙuma ba, bai ga ƙwarƙwata ba. Sai ya yanke hukuncin cewa dauɗa ce. Ya wanke da sabulu, ya shafa man shafawa, ya sake wankewa. Yau dai ya yarda garin neman gira yana shirin rasa ido.

Dabbobin ba nasa ba ne, na matarsa ne, wadda duk layin suke kira Uwar Zomaye. Ta bar masa zomaye uku da ɓeran masar ɗaya a 'yar farfajiyar bayan gida. Ita ce ta raɗa wa ɓeran suna Magulmaci, don ko murfin gwangwanin sukari Mai Agogo ya taɓa a ɓoye sai ya rangaɗa fito, ita kuma ta ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "An dai faɗa min." Lokacin tana da rai ba shi da aiki sai yi musu tsiya. 'Yan haya yake ce musu, masu ci ba aiki. Amma a satinta na ƙarshe a asibiti, tana kwance tana ta lallatsa waya da yatsan da ke rawa, yana yi mata faɗa ta ajiye ta huta, sai ta miƙo masa wayar ta ce, "'Yan hayarka amana ce a hannunka. Wayar nan kuma kada ka bari ta mutu."

Amanar farko ya riƙe ta iya ƙarfinsa. Ta biyun ce ta gagare shi. Wata guda ya yi yana sa wayar a caji, amma ita waya ba ta san an yi rasuwa ba. Mai ganye ya kira, ƙawar makaranta da labari bai kai mata ba ta kira, mai neman ɗan zomo ta kira, kowa sai ya ce a ba shi Uwar Zomaye, shi kuma sai ya sake faɗa da bakinsa. Ran da ya faɗa sau uku kafin rana ta take, ya kashe wayar, ya tura ta durowa ƙarƙashin mayafanta, ya ja ƙofar ɗakin ya kulle. Wata shida ke nan bai sake buɗe ɗakin ba.

Ya samo kwali, ya huda shi da almakashi, ya shimfiɗa tawul ya sa Magulmaci. Kafin ya fita ya zuba wa zomayen ganye. Tsohuwar zomanyar, Kunne Ɗaya, wadda kunnenta na hagu ya kwanta tun tana ƙarama, tana kejinta ita kaɗai a jikin bango don ba ta jure wa hayaniyar 'ya'yanta. Ta fizge ganyen kabejin tun bai saki ba. A babban kejin kuwa baƙin ya ɗan taɓa ya bari, farin ya takure a kusurwa ko kallon ganyen bai yi ba.

"Yau kuma kai ne da fushi? Ka jira, layi ake bi," in ji Mai Agogo. Ya ɗauki kwalinsa ya fita.

A cikin bas wata mata mai kwandon cefane ta ji motsi a cinyarsa.

"Baba, kaza ce?"

"Ɓeran masar ne. Asibiti zan kai shi."

"Ɓera? Asibiti?" Ta juya ta kalli na bayanta don su taya ta ji. "Mu muna neman maganin kashe su, Baba yana neman na raya su!"

Aka yi dariya. Mai Agogo bai ji haushi ba, abin da ya ji ya fi haushi ciwo. Wannan maganar, kalma da kalma, shi ma ya taɓa faɗa wa matarsa, ran da ta nemi ya raka ta wannan asibitin ya ce yana da agogon mutane a hannu. Bai taɓa raka ta ba ko sau ɗaya. Yau ma sai da ya tambayi kwandasta inda zai sauka.

Asibitin dabbobin ɗaki uku ne a ƙasan wani bene, yana warin magani da jiƙaƙƙen kare. Likitar mace ce da ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarsa ba, hannunta duk tabon yakushi. Ta ɗaga Magulmaci a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai, ta buɗa gashin bayansa, ta shinshina yatsunta.

"Baba, mai ka shafa masa?"

"Bayan wanka. Don fatar ta yi laushi."

"Wanka nawa?"

"Uku. Da ruwan ɗumi dai."

Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi jin sauƙi. Ta kankaro ɗan ɓawon fatar da bakin reza, ta ɗora a gilashi, ta sa a madubin likita, ta daɗe tana murɗa shi. Sannan ta matsa gefe.

"Zo ka gani da idonka."

Mai Agogo ya saba da leƙa ƙananan abubuwa, ya kanne ido ɗaya ya sunkuya. A cikin hasken ya ga wani abu kewayayye mai gajerun ƙafafu yana motsi a kasalance, hankalinsa kwance.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi da danginsa. Ƙazuwa ce. Ba a kan fata suke ba, rami suke yi a cikinta, shi ya sa ba ka gan su ba. In ruwa ya taɓa su sai su ƙara nutsawa ciki, azabar ce take sa shi suma. Yawanci suna jikin dabba tun da daɗewa ba sa komai, sai jikinta ya yi rauni ko hankalinta ya tashi. An canza masa wani abu a gida?"

"An canza," ya ce.

Ta auna Magulmaci a ɗan sikeli, ta ja magani kaɗan a sirinji ta yi masa allura a bayan wuya. Ta ce sau uku za a yi, kwana goma-goma, a zubar da shimfiɗar kejinsa a sa sabuwa, a yanke masa farce, wanka kuwa ko a mafarki.

"Zai tashi?"

"Zai tashi, Baba. Nan da wata guda ba za ka gane shi ba."

Mai Agogo ya sauke numfashin da ya yi kwanaki yana riƙe da shi. Har ya fara jin yunwa, abin da ya manta da shi tun jiya. Ya yi godiya ya ƙara, ya fito wurin matar da ke rubuta kati a bakin ƙofa, wata dattijuwa mai tabarau a karan hanci. Ta leƙa kwalin don ta rubuta launin dabbar, sai fuskarta ta washe.

"A'a! Wannan ba Magulmaci ba ne? To ina Uwar Zomaye? Ta yi mana yaji ne? Ka ce mata mun yi fushi."

Ashe ba waya kaɗai ba ce ba ta ji labarin rasuwar ba. Ya gyara riƙon kwalin.

"Allah ya yi mata rasuwa. Wata bakwai ke nan."

Mai Kati ta cire tabarau ta ajiye. Ta yi salati, ta yi addu'a, ta share ido da bakin mayafi, ta ce mace ce da ba ta taɓa zuwa hannu rabbana ba, ko karas ne sai ta kawo wa dabbobin da aka kwantar. Likita ta ji daga ciki ta fito ta yi masa gaisuwa. Sannan Mai Kati ta jawo wani kati mai ruwan ɗorawa daga akwati, ta duba, ta miƙa wa Likita.

"Baba," in ji Likita, "zomayen suna nan?"

"Suna nan su uku."

"An yi musu allurar bana a wani wuri?"

"Wace allura?"

"Ta rigakafi. Duk shekara Mama take kawo su, shekara shida ba ta taɓa tsallake ko kwana ɗaya ba. Ta bana ta wuce da wata huɗu."

"Sau huɗu na tura saƙo," in ji Mai Kati a hankali. "Na kira ma, a kashe."

Likita ta ce ba don komai take tambaya ba, akwai ciwon zomaye da ke yawo a gari tun watan jiya. Ƙuda na ɗaukar shi, ganyen kasuwa na ɗaukar shi, har tafin takalmi. Ba ya ba da sanarwa, kuma in ya kama ba shi da magani. Amma tunda lafiyarsu ƙalau, ya kawo su gobe da safe.

"Lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Sai dai farin bai ci ganye ba yau. Fushi yake, ina ji."

Likita da Mai Kati suka kalli juna. Mai Agogo ya san wannan kallon, ya gan shi a wani asibitin wata bakwai da suka wuce. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

"Kada ka kawo su nan," in ji Likita, muryarta ta canza. "Ka tafi gida yanzu. Wanda ka samu yana ci, ka wanke hannu, ka canza riga da takalmi kafin ka taɓa shi. Ka sa shi a sabon kwali ka kai shi ɗakin da ba a shiga, inda ƙafar kowa ba ta taka ba kwanan nan. Akwai irin wannan ɗakin?"

"Akwai."

"Ina tashi aiki zan zo da allurar. Mai Kati tana da kwatancen gidan."

Bas ɗin komawa ta tsaya a kowace tasha kamar da gayya. Minti talatin da takwas ta yi, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Shi ne mutumin da in maƙwabci ya ce masa ƙarfe biyu sai ya ce saura minti uku, shi ne yau aka ce ya makara da wata huɗu.

Ya ajiye kwalin Magulmaci a falo ya wuce baya. Farin yana kwance a miƙe, kansa ya karkata baya, ɗan jini ya bushe a hancinsa, ƙudaje sun riga sun same shi. Baƙin yana gefensa yana numfashi da ƙyar, ganyen safe yana nan yadda aka zuba shi. Mai Agogo ya kai hannu zai buɗe kejin, sai ya tuna maganar Likita, ya janye. A jikin bango Kunne Ɗaya ta cinye nata tas, ta miƙe da ƙafafun baya tana neman ƙari.

Ya wanke hannu har gwiwa sau biyu, ya tuɓe rigar ya sa wata, ya bar takalmin a bakin famfo. Ya ɗauki Kunne Ɗaya ya sa ta a kwalin da aka kawo fanka a ciki. Sannan ya tsaya a ƙofar ɗakin matarsa da makulli a hannu. Da don kansa ne da ya kai wata shekara bai buɗe ba, amma zomanyar tana ta shure-shure a kwali, ba ta da lokacin jiran kowa.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi. Silifas ɗinta a gaban gado, ɗaya ya hau kan ɗaya. Kwalbar man zafi a kan tebur, murfin bai rufu daidai ba. Ƙamshinta ya ragu amma bai tafi ba. Ya ajiye kwalin a kan tabarma, ya kawo ruwa da ciyawa daga sabon ƙunshin da ba a kwance ba. Zai fita ke nan idonsa ya faɗa kan durowar. Ya buɗe, ya ɗaga mayafan, ya ɗauko wayar, ya jona ta a caji a jikin bango. Bai kunna ba.

Ya koma baya ya zauna a kan bulo a gaban babban kejin. Yanzu ba abin da zai hana shi taɓa baƙin, don haka ya sa hannu yana shafa bayansa. Bai san ko zomo yana jin daɗin haka ba, abin da ya ga matarsa dai tana yi ke nan. Ƙarfe uku da minti goma baƙin ya shure sau biyu ya yi shiru. Mai Agogo ya yi kuka, kukan da bai yi ba ran da mutane suka cika gidan suna cewa ya yi haƙuri. Ya haƙa rami mai zurfi a gindin katanga, ya binne su tare, ya yi wanka, ya sake canza kaya.

Likita ta iso da yamma da 'yar jakar ƙanƙara. Ta cire takalmi tun daga ƙofar gida, ta sa safar hannu. Ta duba hancin Kunne Ɗaya da idonta, ta auna zafin jikinta, ta yi mata allurar a fatar wuya. Zomanyar ta buga ƙafa a ƙasa don a san ba ta ji daɗi ba.

"Shi ke nan ta tsira?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Allurar sai ta kwana bakwai kafin ta fara kare ta. In ta riga ta ɗauka, za mu sani kafin jibi. Abin da nake fata shi ne rigakafin shekara shidan da Mama ta yi mata bai gama fita daga jikinta ba. Waɗancan sau ɗaya kawai suka samu."

"Wato har yanzu matata ce ke riƙe da ita."

Likita ta shiga haɗa kayanta. Ta ce a ƙone shimfiɗar babban kejin, a wanke shi da maganin da za ta bar masa, kada Magulmaci ya shigo ɗakin nan duk da ciwon ba ya kama irinsa. A bakin ƙofa ta juyo.

"Mai Kati ta ce in karɓo lambarka, a canza ta jikin katin."

"Ku bar wadda ke jiki," ya ce. "Na sa wayar a caji."

Da ta tafi ya zauna a bakin gadon ya danna wayar. Ta yi haske, hoton Kunne Ɗaya tana ƙarama ya fito. Saƙonni suka fara shigowa suna tunkuɗar juna. Ya ga na asibitin guda huɗu, na farko da ladabi, na ƙarshe da alamar tambaya uku. Yana cikin karanta su wayar ta ɗauki wani ɗan kiɗa da ya sani, wanda matarsa take sawa ya tashe ta ta ba dabbobi abinci kowace safiya. Tunatarwa ce da ranarta ta wuce tun wata huɗu. Rubutun duk a karkace yake da kurakurai, irin na yatsan da ke rawa.

"Mai Agogo, yau ne allurar zomaye. Na san kai ba a tuna maka lokaci, amma dai. Ka tambayi kwandasta inda za ka sauka. Kada kuma ka ce za ka yi wa Magulmaci wanka, na san halinka."

Ashe abin da take ta lallatsawa ke nan yana ce mata ta ajiye ta huta. Ya karanta sau uku, kiɗan yana ta yi a hannunsa, ya kasa kashe shi.

Sai daga falo, daga cikin kwali, fito ya tashi. Sati uku rabon Magulmaci da ya yi fito, muryar ma ta dishe, amma ya dage yana yi ba ƙaƙƙautawa, irin wanda yake yi in ya ji wannan kiɗan ya san tana tafe da ganye. Kunne Ɗaya ma ta ɗaga kunnenta mai tashi, ta juyo da shi wajen ƙofa.

Mai Agogo ya share fuska da hannun riga. Ya kashe kiɗan, ya bar wayar a kunne a kan tebur kusa da man zafin, ya leƙa falo.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Ni ne."

Magulmaci bai daina ba. Mai Agogo ya wuce kicin ya ɗauko karas da wuƙa.